Maƙwaƙƙwafi a jikin kan sarki: hoto yana ceton tsuntsu?

Baba Lawal: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hotunan kan sarki guda uku na ɗora muku, dukkansu maƙwaƙƙwafi ne a jiki. Na farko na tsibirin Okinawa ne, na 1966. Ku lura da kuɗin da ke kansa, santi 3 ne na Amurka, alhali rubutun na Japan ne. Dalili kuwa, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsibirin yana hannun Amurka, sai a 1972 aka mayar wa Japan da shi, kuma a tsakanin nan suna buga nasu kan sarkin da sunan Ryukyu. Na biyu tsuntsun nan ne dai, amma gwamnatin Japan ce ta fitar da shi a 1983, yen 60, cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Na uku na Suwidin ne, na 1994, maƙwaƙƙwafi mai farin baya, ga tambarin WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya, nan a jikinsa. Tun 1840 da Ingila ta fara buga kan sarki, fuskar sarauniya aka sa. A ce yau ƙasa ta ɗauki tsuntsun da bai fi tattabara ba ta ba shi wannan gurbi, ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Me kuka gani?

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam Baba. Sun yi kyau, ba musu. Amma a gafarce ni, ni duk lokacin da na ga dabba a jikin kan sarki an rubuta tana fuskantar ƙarewa, sanarwar ta'aziyya nake gani tun kafin rasuwa. Buga hoto arha gare shi. Hana masu katako shiga daji shi ne mai tsada, kuma shi ne gwamnatoci ke gudu.

Sadiq: Ni tambayata ta jahilci ce. Tsuntsun da aikinsa huda bishiya, ina ce ɓarna yake yi? Don me za a kare shi?

Dakta Hauwa: Sadiq, tambayarka ce ma ta fi dacewa a fara da ita. Mafi yawan maƙwaƙƙwafai ba sa wahalar da kansu da lafiyayyen itace. Inda zuciyar bishiya ta fara ruɓewa suke nema, ko reshen da ya mutu, domin can ne tsutsar ƙwaro take, can ne kuma sassaƙa ke da sauƙi. Idan ka ga ya nace wa bishiya, yawanci ciwon ya riga shi zuwa.

Abin da ya sa masana daji ke ji da shi kuwa shi ne ramin. Galibinsu kowace shekara sabon rami suke haƙawa su yi ƙwai, su bar na bara. Su kuma tsuntsaye da dabbobi da yawa ba sa iya haƙa, dole sai sun sami kogo a shirye. Ɗauki baƙin maƙwaƙƙwafi na Turai, wanda ya fi kowanne girma a can, tsawonsa ya kai santimita 45. Ramin da ya bari, wata ƙaramar mujiya na shiga, wata irin kurciyar daji na shiga, har da wata agwagwar ruwa mai ƙwai a kogon bishiya, ga jemagu, ga ƙudan zuma. A wasu dazuzzukan, wannan mujiyar kusan ba ta da wani gida sai nasa. Ka kawar da shi, ka kori duk waɗannan ba tare da ka taɓa su ba.

Sai kuma cin ƙwari. Akwai mai yatsu uku da ke arewacin Turai da tsaunukanta, abincinsa tsutsar ƙwaron da ke shiga ƙarƙashin ɓawo ya kashe bishiyoyin katako. Ba ya iya tsayar da annoba idan ta ɓarke, amma yana rage ta tun tana ƙarama.

Sadiq: Na gode Anti. Kuma kansa ba ya ciwo da wannan duka?

Dakta Hauwa: An daɗe ana cewa ƙoƙon kansa yana shanye ƙarfin dukan. A 2022 wasu masu bincike na Jami'ar Antwerp ta Beljiyam suka ɗauki bidiyo mai saurin gaske, suka ga ba haka ba ne, kan da bakin tare suke tsayawa cak. Da yana shanye dukan, da sassaƙar ba ta ci ba. Ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ce ke tserar da shi.

Injiniya Kabiru: Dakta ta ƙara mini hujja ne ma. Tunda amfaninsa ya kai haka, bari in ba ku labarin yadda ake yi da shi idan kuɗi suka shigo. A kudancin ƙasar Amurka akwai wani babban maƙwaƙƙwafi mai farin baki kamar hauren giwa. Zuwa shekarun 1930 wurin da aka tabbatar yana nan bai wuce wani daji a jihar Luwiziyana ba, wanda ake kira dajin Singer. Wani ɗalibi James Tanner ya zauna a can daga 1937 zuwa 1939 yana nazarinsa, ya rubuta abin da tsuntsun ke buƙata dalla-dalla: manyan tsofaffin bishiyoyi da ba su daɗe da mutuwa ba, yana ɓare ɓawonsu ya ci tsutsa. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ta nemi a sayar mata da dajin, gwamnonin jihohi huɗu suka sa baki. Kamfanin katakon Chicago da ke riƙe da izinin sara ya ce a'a. Har fursunonin yaƙi Jamusawa aka sa aikin saran. A watan Afrilun 1944 wani mai zane Don Eckelberry ya je ya iske mace guda ɗaya tak a cikin saran, ya zana ta. Shi ne gani na ƙarshe a Amurka da kowa ya yarda da shi. To Baba, ilimi akwai, hoto akwai, masu roƙo akwai. Me ya hana?

Hajiya Rabi: Tsaya Injiniya. Singer dai ta keken ɗinki? Irin wadda nake takawa a shago?

Injiniya Kabiru: Ita fa Hajiya. Kamfanin ne ya mallaki dajin saboda katakon teburin keke, daga baya ya sayar wa wancan izinin sara.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Ni da na gaji tawa daga mahaifiyata, yanzu ka sa ina yi wa teburin wani irin kallo.

Baba Lawal: Kabiru ɗana, ban ce takarda na tare gatari ba. Ni da na yi aiki a gidan waya har na yi ritaya, na san iyakar kan sarki. Amma ka yi la'akari da zamanin. A 1966 babu intanet, talabijin ma ba kowane gida ba. Wasiƙa kuwa tana shiga ko'ina. Mutumin birnin Naha da bai taɓa taka dajin Yanbaru ba, a jikin ambulan zai fara ganin tsuntsun da duk duniya babu shi sai a arewacin tsibirinsu. Bayan shekara 6 aka ayyana shi a hukumance tsuntsun jiharsu, a 1977 Japan ta sa shi a matakin kariya mafi girma na kayan gadon ƙasa. A 2016 dajin ya zama gandun ƙasa, a 2021 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Ba kan sarki ne ya yi wannan duka ba, amma mutum ba ya tsayawa kare abin da bai san kamanninsa ba.

Mu ma nan an yi. Duk wanda ya aika wasiƙa a Najeriya a ƙarshen shekarun 1960 ya lasa jerin namun dajin nan na 1965, mai gauraka da aku da raƙumin dawa da dorina.

Injiniya Kabiru: To yau ina raƙumin dawan yake a Najeriya, Baba? Sai dai mutum ya tsallaka Nijar ya gan shi a wajen Kure.

Baba Lawal: Wannan kam ka kama ni a hannu, amma ban sallama ba.

Malamin Daji: Ku bar ni in shigo a kan na Okinawa, domin akwai abin da hoton ba zai nuna muku ba. Hoto kullum a jikin bishiya yake nuna maƙwaƙƙwafi. Shi wannan kuwa, musamman namijin, yana sauka ƙasa ya tona ya ci gizo-gizo da tsutsa. A nan bala'in yake. A 1910 aka kai tunku tsibirin don ya kashe ɓeraye da wani mugun maciji mai dafi. Sai ga shi macijin da dare yake fita, tunku kuwa da rana, ba su cika haɗuwa ba. Tunkun ya koma kan tsuntsayen da ke yawo a ƙasa. Ga kuma kuliyoyin da mutane ke yarwa a daji. Abin da aka yi da gaske shi ne, aka ja shinge ya ratsa tsibirin daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka ɗauki ma'aikata suna kafa tarko shekara da shekaru a arewacin shingen. A tsibirin Amami da ke kusa, sai a watan Satumbar 2024 aka yi shelar an gama da tunku gaba ɗaya. Ku ƙirga daga lokacin da aka kai shi can a 1979.

Sannan wani babban yanki na dajin filin atisayen sojojin Amurka ne. A Disambar 2016 aka mayar da kimanin hekta 4,000, bayan an gina wuraren saukar jirage masu saukar ungulu a kusa da ƙauyen Takae, inda mutane suka shafe shekaru suna zaman dirshan a bakin hanya. Tsuntsun nan yana cikin hujjojin da suka riƙa kafawa.

Baba Lawal: Ka ji ko Kabiru? Da ba su san shi ba, da me za su kafa hujja?

Injiniya Kabiru: Kuma aka gina wuraren saukar jiragen, Baba.

Dakta Hauwa: Kafin ku ci gaba, akwai gyaran da ya kamata a yi wa maganar da ake yawan yi, cewa in babu maƙwaƙƙwafi babu kogo. Ba ko'ina ba ne. A 2011 Kristina Cockle da Kathy Martin da Tomasz Wesołowski suka haɗa bayanai daga nahiyoyi daban-daban. A Arewacin Amurka, kashi 77 cikin 100 na kogunan da sauran tsuntsaye ke ƙwai a ciki haƙaƙƙu ne. A Turai da Asiya da Kudancin Amurka kuwa kashi 26 ne kawai, sauran ruɓa ce ta samar da su a tsofaffin bishiyoyi. Ostareliya ba ta da maƙwaƙƙwafi ko ɗaya, amma cike take da aku masu ƙwai a kogo. Shi Wesołowski ya yi shekaru yana aiki a dajin Białowieża na Foland, inda aka bar bishiyoyi su tsufa su faɗi da kansu, ya ga a can kogon ruɓa ya wadata.

Abin da na fahimta daga wannan, tsuntsun ya fi zama dole a dajin da ake sarewa tun bishiya ba ta tsufa ba, domin a can babu lokacin da ruɓa za ta yi aikinta. Shi ya sa na Suwidin ɗin da Baba ya ɗora ya fi ba ni tausayi. Suwidin daji ne ko'ina, in ka duba ta sama kore shar. Amma yawancinsa gonar katako ce, bishiyoyi masu ganyen allura, sa'o'in juna, a share tas. Mai farin baya kuwa matattun bishiyoyi masu faffaɗan ganye yake so, masu yawa, miji da mata ɗaya kan buƙaci fili mai faɗin gaske. A shekarun 1960 da 1970 har feshin magani aka riƙa yi don kashe masu faffaɗan ganyen saboda ba su ake so ba. Wani ɗan'uwansa ya riga ya ƙare a ƙasar tun farkon shekarun 1980. Shi ma mai farin bayan ya ragu har aka kai lokacin da ake ƙirga ma'auratansa da yatsun hannu.

Kun san abin da masu ceton sa ke yi? Suna ɗauko 'ya'ya daga Norwe, inda yake da sauran yawa, a raine su a gidan namun daji na Nordens Ark, a sako su. Sannan su shiga daji da wuƙa su zagaye ɓawon lafiyayyar bishiya su yanke, don ta mutu a tsaye. Na tsaya a irin wannan wuri. Bishiya ce fara tas, an yi mata zobe a daidai ƙirjin mutum, sama ta bushe, ɓawon yana ɗagowa, in ka sa yatsa ka ɓalle sai ka ga hanyoyin tsutsa a kwance a jikin itacen, ga garin itace yana zubowa. Wanda bai sani ba zai ce an yi ɓarna.

Hajiya Rabi: Dakta, a kashe bishiya don a raya tsuntsu? Turawa ba sa rabo da abin mamaki.

Malamin Daji: Hajiya, har wuta ake sa wa daji saboda shi. A kudu maso gabashin Amurka akwai wani ƙarami da ya saɓa wa sauran, shi a ɗanyar bishiyar fayin, mai ganyen allura, yake haƙa, rami ɗaya kan ci masa shekaru. Yana kuma tsattsaga kewayen ramin don ƙaro ya riƙa zuba, macijin da ya hau sai ya sha wuya ya sauka. Dajinsa sai wuta na bi ta ƙasa lokaci-lokaci, in ba haka ba sarƙaƙiya ta rufe shi tsuntsun ya tashi. An sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa a 1970. A 1989 guguwar Hugo ta kayar da kashi 87 cikin 100 na bishiyoyin da yake da ramuka a gandun Francis Marion na Karolina ta Kudu. Ma'aikatan daji suka hau tsani da injin huda suka haƙa masa ramukan da hannunsu, wasu suka yanka jikin bishiya suka cusa akwati. A 2024 aka sassauta matsayinsa saboda ya farfaɗo. Abin dariya, filayen atisayen soja na cikin inda ya fi yawa, don can ba a gina gidaje kuma wuta ba ta yankewa.

Injiniya Kabiru: Yauwa. Dokar Amurka ta 1973 ta kare halittu masu fuskantar ƙarewa, da wuta, da injin huda. Ban ji an ambaci gidan waya ba.

Baba Lawal: To bari in ambata maka takardar da ta sayi daji. Tun 1934 duk mai farautar agwagwa a Amurka da ya kai shekara 16 dole ya sayi kan sarkin agwagwa, kuma a gidan waya ake sayar da shi. Dala 1 ne a lokacin, yanzu dala 25. Cikin kowace dala, santi 98 na tafiya sayen fadamu da dazuzzukan bakin ruwa. Gandun kogin Cache na jihar Arkansas, yawancinsa da wannan kuɗi aka saye shi. Kuma a nan ne a 2004 wani mai kwalekwale ya ce ya ga farin bakin nan naka da ka binne a 1944.

Injiniya Kabiru: Baba, abu biyu. Na ɗaya, wannan ba ya kai wasiƙa, haraji ne aka yi masa ado. Ni ma in haka za a yi na yarda, a ɗora kuɗi a kai, a faɗi inda za su. Na biyu, ganin 2004 ɗin, hujjarsa bidiyo ce ta daƙiƙa huɗu, dishi-dishi. Masanan Jami'ar Cornell suka yi shela a 2005, wasu masanan suka ce wani ɗan'uwansa ne da ke ko'ina. An yi shekaru ana bincike ba a samo hoto ɗaya tsayayye ba. A 2021 hukumar kula da namun dajin ƙasar ta kawo shawarar a ce ya ƙare, sai a 2023 da ta fitar da jerin waɗanda suka ƙare ta jingine nasa hukuncin.

Baba Lawal: Ko ya ƙare ko bai ƙare ba, dajin na nan a tsaye, kuma takarda ce ta biya.

Sadiq: Baba, to na WWF ɗin fa? Kuɗinsa na zuwa wa tsuntsun?

Baba Lawal: A 1983 aka fara wannan jerin, yawanci guda huɗu-huɗu, ƙasashe da yawa sun shiga, ƙungiyar kuma tana samun kasonta na amfani da tambarinta. Asusun ƙungiyar yake shiga, ba aljihun tsuntsun da ke jiki ba. Amma ka yi hattara, jikana, in za ka fara tarawa. Akwai kan sarkin da ba a buga shi don wasiƙa ba sam. A shekarun 1960 ƙananan masarautun Ajman da Fujaira sun cika duniya da irinsu. Yau ma wasu ƙasashenmu na Afirka sun miƙa aikin ga dillalai a Turai, sai ka ga sunan ƙasar Sahel a kan tsuntsun da bai taɓa barin Amurka ba, kuma ko ka je babban gidan wayar ƙasar ba za ka same shi ba. Ni na fi daraja wanda ya sha hatimi, ya yi tafiya. In ka same shi a tsohon ambulan mai hatimi a fili, kada ka ɓare, bar shi yadda yake. In kuwa guntun takarda ne, jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi har ya saki da kansa, ka ɗauka da hantsaki, ka shanya a kife. Banda farce.

Malam Isufu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ana ta zancen Japan da Suwidin, mu ma fa muna da namu. A gonata akwai mai toka-toka da jan kai, kuma a Sahel ɗin nan akwai wani ɗan ƙarami da ba a samunsa sai a wannan zirin daga Senegal zuwa Sudan. Mu nan an yi sassabin zamani tun shekarun 1980, manoma suka riƙa barin kututture ya tofo suna gyara shi, har ana maganar hekta miliyan 5. Gawo ya dawo, kalgo ya dawo, aduwa ta dawo. Amma da na ji bayanin Dakta sai na lura, duk reshen da ya bushe a gonakinmu ba ya kwana. Akwai wani tsohon gawo a iyakar gonata, reshensa ɗaya ya mutu, ramuka uku a jere a jikinsa, zagayayyu sumul, bakin kowanne bai fi a zura yatsu uku ba. Na saman tsuntsaye ke shiga, na ƙasan zuma ta kama. Na hana yara sare shi, maƙwabta suna ce mini rowa.

Hajiya Rabi: Malam Isufu, ba don in kare maƙwabtanka ba, amma ka tambayi matan gidanka nawa ake sayen itacen girki yanzu. Baturen Suwidin da ke kashe bishiya ya bar ta a tsaye, da lantarki matarsa ke dafa abinci. Mu busasshen reshe tuwon dare ne.

Dakta Hauwa: Gaskiyarki Hajiya, kuma ba wanda zai ce a bar duka. Ko a Suwidin ba duka ake bari ba, masu sara kan bar wasu dogayen kututture a tsaye a kowane fili. Abin da zan roƙa a nan, reshen da ya riga ya sami rami a bar shi, a ɗebi wanda ba shi da. Mai ramin ma ai zuciyarsa ta ruɓe, wutarsa ba ta da ƙarfi. Matsalar da ta fi wannan ita ce masu gawayi, su da ke kayar da tsohuwar ƙirya da marke gaba ɗaya a loda a mota. Bishiyar da ta yi shekara 100 ba a maye gurbinta da dashen bana.

Malamin Daji: Masu gawayin nan kuwa da takardar izini a hannu wasunsu ke shiga. Kada ku sa in buɗe baki.

Baba Lawal: Da ni ne mai faɗa a ji a hukumar gidan waya, da na sa an buga gawon Malam Isufu da ramukansa uku, a rarraba a makarantu.

Injiniya Kabiru: Wa zai lasa, Baba? Sadiq, tsakaninka da Allah, ka taɓa aika wasiƙa?

Sadiq: Ban taɓa ba Yaya. Amma Baba, in akwai na Japan ɗin guda biyu, ina so.

Baba Lawal: Na 1983 ina da biyu. Turo adireshinka ta akwatin sirri, ta gidan waya zan aiko maka. Kai kuma Kabiru, ka kawo mini lissafin nawa za a ɗora a kan kowane ɗaya in ana son a biya manomi ladan barin reshe, tunda kai ne mai lissafi.

Injiniya Kabiru: Zan kawo. Amma sai Malamin Daji ya fara gaya mana hannun wa kuɗin za su bi kafin su isa gonar Malam Isufu.